Ramiz Kodra, Wanda Tsuntsayen Bakin Kogi Suka Ƙi Yafe Wa

Da hantsin ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, Merita Kodra ta kira ni a waya, ta ce, "Aysel, tsohon ya tafi." Wanda Ya ba mu aron mijinta, Dakta Ramiz Kodra, na shekara sittin da takwas Ya karɓi abinSa, kuma wurinSa dukanmu muka nufa. Ya rasu a gidansa da ke Shepparton bayan jinyar ciwon daji ta kusan shekara guda, a ɗakin da tagarsa ke kallon itatuwan tuffar da mahaifinsa ya dasa. Washegari aka yi masa salla a masallacin Albaniyawa, aka kai shi makwancinsa.

Masallacin ya cika har waje. Ga manoman tuffa, ga tsofaffin ɗalibansa, ga malaman jami'a da suka taso daga Melbourne suna riƙe da takalmansu a hannu don ba su san inda ake ajiyewa ba. Daga ɓangaren mata na jiyo liman yana cewa Ramiz ya bar duniya ba shi da maƙiyi ko ɗaya. Da zuciya ɗaya liman ya faɗa, sai dai ba haka abin yake ba. Na fi shekara ashirin ina auna maƙiyan Ramiz. Na san sunan kowannensu da launin zoben da ke ƙafarsa.

Ramiz, da kana ji da kai ma ka gyara masa. Magfai ɗin bakin kogin Goulburn, tsuntsayen nan baƙi-da-fari masu tashin mu da waƙa kowace safiya, sun ƙi ka ƙiyayya ta gaskiya, har suka bar wa 'ya'yansu ita gado. Kai kuwa abu ɗaya ka nema a wurinsu har ƙarshen rayuwarka: ko sau ɗaya ne ka tsaya a gaban ɗayansu bai tsorata ba, ni kuma in auna in tabbatar maka.

Ga waɗanda suka san ka a sahun salla ko a gona kaɗai, ga aikin da muke yi. Idan tsuntsu ya tsorata, jini yakan janye daga fatarsa ya koma ciki, inda za a buƙace shi idan gudu ya kama. Nan take fatar da ke kewaye da idonsa takan yi sanyi. Yana iya ci gaba da tsince-tsincensa kamar ba abin da ya dame shi, amma idon ya riga ya tona. A da, in ana son sanin ko tsuntsu na cikin fargaba, sai an kama shi an ɗebi jininsa, wanda bai da maraba da a shaƙe mutum a tambaye shi ko hankalinsa a kwance yake. Kai ka samo wa sashenmu na jami'a kyamara mai ganin zafin jiki daga nesa. A gilashinta, idon tsuntsun da hankalinsa ke kwance yana haske kamar garwashi. Tsoro na shiga sai ya dusashe.

Aikin na mutum biyu ne. Dole a samu mai kafa tarko, ya kama tsuntsu ya sa masa zobe, sannan ya riƙa bayyana jefi-jefi domin mu ga yadda ido ke dusashewa. Dole kuma a samu mai zama da kyamara kusa da farantin tsutsa, wanda tsuntsayen ba su riƙe shi da komai ba. Magfai ba ya manta fuska, wannan duk mai hawa keke a ƙasar nan ya sani. A al'adar jami'a, ɗalibi ke ɗaukar aikin baƙin jini, malami ya zauna a inuwa, kuma ni ce ɗalibar. Sai ka ce ba sai wani ya yi baƙin jini ba. Ka sayo fuskar roba a shagon kayan wasa, mai jan hanci da gira kamar tsintsiya, ka ce ranar farko kai za ka sa ka nuna mini yadda ake kamu, daga nan in karɓa.

Cikin zafin Janairu ne, don a ƙasar nan lokacin ne tsakiyar bazara. Ka kama wani matashin namiji mai taurin kai, ka sa masa jan zobe, ka raɗa masa suna Trevor, sunan likitan haƙorinka. Ka sake shi ya hau reshen itacen turare ya tarar da danginsa. Ka tako zuwa a-kori-kurarka kana zufa, ka buɗe kwanon birek, gurasar nan ta Albaniyawa mai alayyafo da cuku, da Merita ta gasa maka, ka ga ba ta yadda za ka ci da roba a baki. Sai ka cire ta, a fili, a gindin itacen, dangin Trevor kaf suna kallo.

Na ce, "Ramiz, suna kallon ka fa."

Ka ɗaga kai da loma a baki, ka dube su, suka dube ka. Ka haɗiye, ka ce, "To, tawa fuskar ta ƙone. Ki lallaɓa taki. Ungo, ci kafin ƙuda su riga ki."

Daga ranar kai ne mai kamu, ni ce mai aunawa, kuma a haka na gama digirina, a haka na samu aiki, a haka sunana ya fara fita a mujallu. Na daɗe ina zargin da gangan ka cire robar nan don ka ɗauke mini nauyin. Da na faɗa wa Merita, ta ce in daina yi maka kwalliya, yunwa ce kawai. Har yau ban yanke hukunci ba, kuma duk lokacin da na tambaye ka sai ka hau yabon cukun.

Abin da ya biyo baya duk garin ya shaida. Hanyar bakin kogi ta kowa ce: masu gudun safe, masu yawo da karnuka, tsofaffi biyu-biyu. Ko a watan Satumba, lokacin da magfai ke da ƙwai a sheƙa suke kai wa mutane sura, namu ba su cika taɓa kowa ba. Ƙarfinsu suke tarawa su jira ka. Sun san ƙarar motarka. Sun san tafiyarka ta mai gwame ko da ka aro rigar wani. Duk ranar Salla idan iyalanmu suka shimfiɗa darduma a bakin kogi ana gasa rago, kai a cikin mota kake cin naka, gilashi a rufe, kana ɗaga wa mutane hannu kamar baƙon gwamnati. Kunnenka na hagu ya sha ɗinki har nas ɗin asibiti ta daina tambayar abin da ya faru, sai dai ta ce, "Trevor ne ko ƙaninsa?" A cikin maƙalunmu, inda ake bayanin yadda aka yi aikin, sunanka "abin tsoratarwa". Da ka karanta, sai ka sa aka rubuta maka shi a jikin kofin shayinka.

Ban san wanda sunan nan bai dace da shi ba kamarka. Duk kaka sai akwatunan tuffa sun bayyana a ƙofar sashenmu, ba suna a jiki, alhali kowa ya san gonar. Ɗalibin da motarsa ta mace a hanyar Melbourne kai yake kira kafin ya kira ubansa. Shekarar da mahaifiyata ta kwanta ciwo na tare a wurinta, aikin shekarar ya kama hanyar lalacewa, don kai ba damar ka riƙe mini kyamara: kana zama a wurin, duk idon da ke dajin zai dusashe. Ba ka ce mini komai ba. Ka zaunar da Merita a teburin cin abinci ka koya mata kyamarar da tukunyar shayi da kyanwar gidanku, ka riƙa kai ta har bakin daji kana fakewa a bayan gidan mai. Da na dawo na tarar da ma'aunin kowace safiya a cike. Merita ta ce aikin da muke ta kuri da shi bai kai murza fulawar birek wuya ba. Ban yi mata musu ba, ma'auninta ya fi nawa tsabta.

Ita ce kuma ta hana kyamarar kwana a gidanku, kuma da dalilinta. Mutum ma idan ya tsorata yana sanyi, sai dai shi a kan hanci. Ranar da Callum ya zo neman auren 'yarku Elira, ya sa kwat a cikin zafi, ya haddace jawabinsa, sai ka ce ya ɗan dakata. Ka ɗauko kyamara ka saita shi.

Merita ta ce, "Ajiye abin nan, tsoho, kunya ta ishe mu."

Ka ce, "Zo ki gani. Hancin yaron nan kamar daga firji aka ciro shi." Ka juya wurinsa. "Ɗana, wanda bai damu ba hancinsa ba ya sanyi. Na ba ka. Sha shayinka ka ɗumama."

Elira ta dage sai a bakin kogi za a ɗauki hotunan bikin, a watan Satumba kuma. Hoton na nan a falonku: amarya da farar riga, ango da hancinsa, uban amarya da kwat da hular kwano mai tsinkayen roba a tsaitsaye kamar bushiya, don kare kai daga sura. Kai ne ka fi kowa fara'a a ciki.

Da ka yi ritaya ka miƙa tarko ga wasu, sai ka buɗe abin da ka kira zaman sulhu. Kowace safiya kana zuwa da gwangwanin tsutsa, ka ajiye, ka ja da baya ka sunkuyar da kai. Ka tara gemu. Ka aske gemun. Ka koyi kwaikwayon waƙarsu, wanda Merita ta ce shi kaɗai ya isa dalilin sabuwar gaba. Duk shekara kuma sai ka kira ni: "Dakta, zo ki auna mana, ina jin bana an samu ci gaba." In zauna da kyamara, Trevor ya sauko kan faranti idonsa jawur da ɗumi, ka ɓullo daga bayan itace, idon ya dusashe kamar an watsa wa garwashi ruwa. Tsutsar dai suna cinyewa. Suna gamawa su kawo maka sura. Har jikokin Trevor, waɗanda ko ƙyanƙyashe su ba a yi ba lokacin da ka ajiye tarko, idonsu na sanyi da ganin ka. Wannan ma na rubuta shi a maƙala, ta kuma yi farin jini fiye da duk sauran. Ka taya ni murna da gaske, sannan ka tambaye ni a hankali ko ina ganin baɗi za a dace. Na ce ban gani ba. Ba ka taɓa neman in sassauta maka lamba ba, ni ma ban taɓa yi ba.

Sai ciwon ya zo. Maganin ya kwashe gashinka har gira, ya zabge rabin jikinka, ya ɗora ka a keken marasa lafiya. Wannan duk ka ɗauka da raha. Abin da ka kasa ɗauka shi ne yadda muka koma. Kowa ya rage murya. Maƙwabcin da kuka shafe shekaru kuna faɗa a kan ruwan ban-gona ya fara kawo maka furanni. Wani da kuke sahu ɗaya tun kuna samari ya gaishe ka a ƙofar masallaci gaisuwar baƙo, har ya tambaye ka daga wane gari. Merita, wadda ba ta taɓa barin rana ta faɗi ba ta yi maka faɗa ba, ta koma "sannu" da "me za ka ci". Ka ce mini, "Aysel, matar nan ta daina zagi na. Ashe abin ya yi nisa."

A watan Satumban da ya wuce ka kira ni, muryarka ƙasa-ƙasa amma da zumuɗi. Ka ce dama ta samu. Ba gashi, ba gemu, ba tafiyar gwame, Trevor ba zai san kai ne ba. A ƙarshe za ka zauna a gabansa idonsa da ɗumi.

Na ce, "In idon bai yi sanyi ba, ba za mu san ko yafewa ya yi ko bai gane ka ba. Kai ka koya mini haka."

Ka ce, "Na koya miki surutu ma. Ke dai ɗauko kyamara."

Da safen da za mu je, Merita ta ja ni kicin ta turo ƙofa. Ta ce, "Ko me gilashin nan ya nuna, ki ce masa sun yafe. Kin ji ni? Ba mujalla za ki kai ba." Na ce na ji. Ban ce zan yi ba, ban ce ba zan yi ba. Duk hanyar zuwa kogi ina tuƙi ina juya abin a raina, kuma har muka isa ban san me bakina zai faɗa ba.

Muka yi yadda muka saba. Na fara zama ni kaɗai. Trevor ya sauko, ya tsufa shi ma, farin bayansa ya dafe, jan zoben ya koɗe. Ya hau faranti yana ci, idonsa na haske. Na ɗaga hannu. Merita ta turo kekenka daga bayan itatuwa a hankali, kana lulluɓe da bargo, kanka ƙwal yana ƙyalli a rana, don ka ƙi sa hula wai kada ta tona ka. Ita tsuntsayen sun san ta, ba ruwansu da ita. Trevor ya ɗago kai. Ya karkata shi gefe ɗaya, ya karkata ɗaya gefen. Ya daɗe yana kallo, ni ina kallon gilashi, idon nan bai canja ba. Sai a lokacin na gane ba wannan sakamakon nake so ba.

Sannan ya dusashe. A duk shekarun da na yi da kyamarar nan ban taɓa ganin ido ya yi sanyi da sauri haka ba.

Ban samu damar zaɓa tsakanin umarnin Merita da gaskiya ba, don Trevor ya hutar da ni. Ya saki tsutsar da ke bakinsa, abin da bai taɓa yi ba, ya tashi ya hau reshe, ya juyo ta bayanka, ya sauko. Na ji ƙarar bakinsa daga inda nake. Ya sare ka a tsakiyar kai, ya wuce, ya koma reshensa yana shelanta wa dangi.

Merita ta ga jini na gangarowa ta gefen kunnenka, sai ta manta da duk lallashin watannin nan. "Ban ce ka sa hula ba? Tsohon banza mai kunnen ƙashi, shekara arba'in ina magana kamar da bango nake yi! Yanzu me zan ce wa likita?"

Kai kuwa dariya kake yi, irin wadda ta haɗu da tari har sai da na ajiye kyamara na zo na riƙe ka. Da numfashinka ya dawo ka kama hannuna.

"Nawa ya sauka?"

Na dubi Merita. Tana danna maka gefen gyalenta a ka, ba ta ko kalle ni ba. Na faɗa maka lambar yadda take, na ƙara da cewa bai taɓa tsorata da kai kamar yau ba.

Ka rufe ido kana murmushi. Ka ce, "Ya gane ni. Duk garin nan shi kaɗai bai ji tausayina ba." Ka buɗe ido ka dubi matarka. "Ci gaba, Merita, ina ji. Kin tsaya a kan bango."

Ta ci gaba kuwa, tun daga bakin kogi har asibiti, daga asibiti har gida, kana bayan mota da filasta a ka kana gyaɗa kai kamar mai sauraron waƙa. A hanya ka sa na tsaya na sayo soyayyen kifi da dankali, ka ci fiye da rabin naka, kai da ka yi makonni ba ka wuce cokali uku na miya ba. Makonnin da suka rage maka, duk wanda ya shigo gaishe ka da sanyin murya sai ka sunkuyar masa da kai ka nuna masa tabon. A haka mutane suka koma yi maka magana da muryarsu ta kullum. Maƙwabcin nan ma ya daina kawo furanni, ya dawo da zancen ruwa, kuka yi musu mai daɗi kwana kaɗan kafin ka tafi. Zaman sulhu kuwa ba ka sake ambatarsa ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Merita, wadda ta yi jinyarka da haƙuri sannan ta ƙarasa ta da faɗa, duka biyun kuma don ƙauna. Ga Elira da Callum da 'ya'yansu. Ga 'yan'uwanka na gonar tuffa, da jama'ar masallaci, da ɗaliban da ka ɗauke wa nauyi ba su sani ba sai daga baya. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya sanyaya zukatanku, Ya albarkaci abin da ya bari.

Ramiz, kun rabu da Trevor ba sulhu, kuma yana da hujjarsa, don kai ka kama shi. Ina roƙon Wanda ka koma wurinSa, Wanda ba Ya mantuwa amma Yake yafiya, Ya yi maka abin da tsuntsun nan ya ƙi. Allah Ya jiƙan ka, Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya karɓe ka karɓar wanda aka sani. Amin.